Laraba: mariƙi a hannu, akwati a ƙasa

497. Sau uku na ƙirga kwabban robar da nake koya wa yara lissafi da su, uwargida ma ta ƙirga nata a can gefen tabarma, ba su ƙaru ba. Uku sun tafi ke nan.

Da safe ne, dab da a kaɗa ƙararrawa. Na kashe mashin a bakin get, na kwance robar da nake ɗaure akwatin da ita a kariya, na cafo shi ta mariƙi kamar kullum. Sai na ji hannuna ya yi sakayau. Mariƙi yana hannuna, akwati yana ƙasa ya wage baki, kwabbai 500 kowanne ya kama gabansa, wasu ƙarƙashin teburin mai gadi, wasu har bakin kwata. Su 'yan aji ɗaya abin nema ya samu. Wani daga baya ya ce, "Malam ya yi liƙi!" Na ɗaure fuska kamar ban ji ba, alhali ni ma dariyar ke cina.

Kwabban nan ƙanena ne ya kawo min su tsaraba daga Ingila, na wasan kartar nan da ake kira foka. Fari ɗaya, shuɗi goma, baƙi ɗari, ja kuma bashi. Tun da na fara shiga aji da su ban sake shan wuyar bayanin aro a ɗebewa ba. Yaro ya canza shuɗi ɗaya ya karɓi farare goma da hannunsa, magana ta ƙare.

A ofishin malamai na zauna na yi wa gawar akwatin binciken ƙwaƙwaf. Shekara biyu ina kiransa akwatin alminiyam, ashe alminiyam ɗin a gefe da kusurwa kawai yake. Jikin wani siririn allo ne na garin katako da aka matse, aka liƙa masa abu mai sheƙi a sama. Mariƙin kuwa 'yan ribiti ne ƙanana ke riƙe da shi, ko washa babu a bayansu, suka yi ta cin allon a hankali har suka fice ta ramin da suka shiga. Sai a lokacin na ɗauki biro. Kowane kwabo giram 11.5, sau 500, giram 5,750. Kusan kilo shida, ban da nauyin akwatin kansa, a kan garin katako, kullum a bayan mashin a titin unguwarmu. Malamin lissafi guda, amma wannan lissafin sai yau na yi shi.

Nauyin ma na burga ne. Ƙarfe ake cusa wa irin nawa a tsakiyar robar don su ji tsada a hannu, in ka kawo mayen ƙarfe kusa sai su maƙale. Na manyan gidajen caca galibi ba sa wuce giram 10.

Darasi biyu. Taron malamai da bai da dalili. Gurasa da rana, yajin ya yi yawa.

Bayan an tashi na zuba kwabban a jakar leda biyu na nufi Sabon Gari. Shago ɗaya na samu mai irin kayan, shi ma ba ya sayar da akwati zalla, sai da kwabbansa. Ya sauko min da shi yana shafawa yana nuna min ɗan makulli. Ni kuwa wanda maciji ya sara, na juya shi ta baya. Hinji biyu 'yan mitsi-mitsi. Na danna jikin da babban yatsa, ya lotsa. Na ɗaga baƙin ƙyallen ciki, ga robar nan mai kaurin faranti na biki, irin wadda ta tsage a nawa tun watan farko har layuka suka riƙa haɗewa. Ƙanin akwatina ne uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce masa na gode.

A inuwar wani shago na tsaya na duba waya. Akwai 'yan tire na roba mai gani-garau, kowanne yana cin kwabo 100, layi biyar na ashirin-ashirin, sai a jera su cikin akwatin roba mai tauri irin na masu ɗaukar hoto, wanda ke da soso a ciki da sakata mai kamawa gam. Wannan shi ne aikin hankali, don mariƙinsa da jikinsa kusan abu ɗaya ne. Na ga kuɗin, na ƙara na kawowa a kai, na mai da waya aljihu. Akwai kuma wani mai kama da keji, shi ma gani-garau, mai mariƙi a sama. Kyau kam akwai, amma na ɗakin da ke da kafet ne, rami ɗaya a hanyar makaranta ya ishe shi.

Shi ya sa na biya wajen Baba kafinta bayan la'asar.

Na tarar yana goge ƙafar kujera. Muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi ƙafarsa. Na zayyana masa abin da nake so tiryan-tiryan, don na rubuto a takarda: layi goma, kowanne ya ci kwabo 50. Faɗin kwabo milimita 39, saboda haka ramin ya zama 40 ko 41, kada ya matse kada kuma ya yi lako-lako. Tsawon layi wajen santimita 17. Hinji dogo ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sakata biyu. Mariƙi da noti mai ratsa katako, da washa a ciki. Yana ta gyaɗa kai, har ya ce madaci zai yi ƙarko amma zai ƙara min nauyi, gara a yi jikin da farin katako a sa madaci inda mariƙi zai zauna. Na ji daɗi, na ce yau na zo gidan sani. Ya ce in ba shi ɗaya ya gwada.

Na zura hannu a leda na miƙa masa baƙi. Ya juya shi, ya kai kusa da ido, ya ga 'yan zanen ɗan lido da ke zagaye da bakinsa. Sai ya ajiye shi a kan benci a hankali, ya goge yatsunsa a jikin riga. Wallahi goge yatsun nan ne ya tsaya min.

"Malam, wannan ba kuɗin 'yan karta ba ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba, amma ni lissafi nake koya wa yara da shi."

"To." Ya ɗan yi shiru. "Da dutse aka koya mana. Da ƙwallon dabino."

Na fara bayani. Na ce dutse ba shi da launi, ba ya jeruwa a kan juna, yaro ba zai ga bambancin goma da ɗari ba. Na ji muryata tana tashi, ina ta zuba kamar wanda aka kama da kayan sata yana rantsuwa. Yaron shagonsa ya daina goge-gogen ya zuba mana ido. Baba bai katse ni ba. Da na gama ya ce shi bai ce ina caca ba, ya san ni, ya san mahaifina, sahu ɗaya muke tsayawa da asuba. "Amma wanda ya gan ka da shi a hanya ba zai bi ka aji ya ga me kake yi ba. Ga gari yadda yake, yara sun ƙare a shagunan cacar ƙwallo, Hisbah na rufewa ana buɗewa. Sai kuma a ga malaminsu da wannan."

Na ce to ya fasa ke nan?

Ya ce a'a, zai yi. Amma ba zai yi shi shafal kamar jakar 'yan banki ba, irin wanda kowa ya gani ya san na mene ne. Zai yi shi mai tsayi, hawa biyu, layi biyar sama biyar ƙasa, kamar akwatin kayan aski. Ya ce hakan ma ya fi wa mariƙi sauƙi, kuma ya fi zama a kariya. Gaskiyarsa ta fuskar aiki, ban da abin cewa. Na ba da kafin alƙalami, ya ce in dawo Talata. Kwabon da zai yi awo da shi, yaron ya sa ya ɗauka.

Tun a hanya abin yake nuƙurƙusata. Na je neman akwatin da zai ɗauki kilo shida, na dawo da alkawarin akwatin da zai rufa min asiri, ni da ban san ina da asirin rufewa ba. Shekara biyu ina ratsa unguwa da wancan mai sheƙi. Su wa suka gani suka yi shiru? Liman ya taɓa tambayata ko na fara sayar da agogo ne, muka yi dariya. Yanzu ina ta juya dariyar.

Ayar Ma'ida ta 90, wadda ta haramta caca, na san ta tun ina allo, ba ni da ja a kanta, ko da wasa ban taɓa zama a karta ba. Roba ce da ƙarfe, abin da ka yi da ita shi ne naka. Haka na faɗa wa uwargida. Ta ce, "Haka ne, Malam," da irin muryar da take cewa haka ne in ba haka ba ne. Can kuma ta ce ai da ma ita tun farko ba ta so nake barinsa a falo in baƙi sun zo.

Abin da ban faɗa wa Baba ba, kuma gara da ban faɗa ba: babin yiwuwa da nake koyarwa zango na uku, asalinsa ma daga teburin caca ya fito. A 1654 masana lissafi Pascal da Fermat suka yi ta musayar wasiƙu a Faransa kan yadda za a raba kuɗin da aka zuba in wasa ya tsaya ba a ƙare ba. Yana cikin manhaja, ana tambayarsa a jarrabawa, ba wanda ya taɓa goge yatsa bayan ya taɓa littafin.

Na yi tunanin in sa takarda mai kaushi in kankare zanen lidon. Kwabo 497, fuska biyu-biyu. Na fasa. Na yi tunanin murafen lemo, sai na tuna yadda suke yanka yatsa, ga tsatsa.

An ɗauke wuta tun tara. Ledojin suna ƙarƙashin gado, ni da kaina na tura su can, ban kuma san lokacin da na yanke shawarar hakan ba.

Yanzun nan uwargida ta leƙo da fitila. Wai tana cire wa Auta riga ta ji abu a aljihu. Ja ne guda ɗaya, ya ɗauke tun jiya yana sayen tuwon ƙasa da shi wajen yayarsa. 498.