Fitila mai kunna kanta: abin da aikin ya koya mini

Duk wanda ya kira ni in haɗa masa fitilun da ke kunna kansu, abu ɗaya yake hange: ya shigo ɗaki hannu cike da kaya, haske ya tarye shi. Wannan aikin 'yan mintuna ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yaushe fitilar za ta mutu, da kuma yaushe bai kamata ta kama ba sam.

Galibin sensa masu araha da ake kafawa a gidaje, wato na'urorin da ke gane shigowar mutum su kunna fitila, irin waɗanda ake kira PIR ne. Ba mutum suke gani ba, canjin ɗumi suke ji. Farin murfin robar nan mai gida-gida da ke gabansu shi ke yanka ɗakin yanki-yanki, kuma sai jiki mai ɗumi ya tsallaka daga wani yanki zuwa wani sannan sensa ta farga. Wanda ya gitta ta gabanta, nan take za ta gane shi. Wanda ya tunkaro ta kai tsaye, sai ya matso sosai. Shi ya sa nake kafa ta a gefen ƙofa, kamar mita 2 daga ƙasa, nesa da taga mai rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Ba ta jin mutum ta bayan gilashi. Wanda kuma ya zauna shiru yana karatu, a wajenta ya riga ya fita. Na taɓa ganin wani dattijo a kujera, littafi a cinya, yana kaɗa hannu sama kamar mai tare mota don haske ya dawo. Daga ranar ya tsani tsarin baki ɗaya, ban kuwa ga laifinsa ba.

Saboda haka kowane wuri da lokacinsa. Matakala da lungu, minti 1 ko 2 ya isa. Banɗaki sai an ba shi 10 zuwa 15. A falo kuwa, maimakon duhu farat ɗaya, ina sa hasken ya ragu da rabi na daƙiƙa 30, in da mutum zai motsa. Akwai sensa masu aiki da rada, na 24 ko 60 GHz, waɗanda ko numfashi suna ji. Suna da kyau, sai dai fanka da labulen da iska ke kaɗawa duk mutane ne a wajensu, wani lokaci har na ɗakin da ke bayan bango marar kauri, kuma galibinsu sai an jona su da wuta. Abin da ya fi yi mini shi ne in haɗa biyun: PIR ta kunna, rada ta riƙe.

Akwai wani tarko a ma'aunin haske. In ka ce fitila ta mutu da zarar ɗaki ya yi haske, to ita kanta za ta haska ɗakin, ta mutu, duhu ya dawo, ta sake kamawa. A tambayi ma'aunin a lokacin kunnawa kawai.

Da ƙarfe 2 na dare babu mai son cikakken haske a idonsa. Kashi 10 cikin 100, mai ruwan ɗorawa wajen 2700K a ma'aunin launin haske, ya wadatar. A ɗakin kwana ma ƙarƙashin gado nake sa sensa, ta ji ƙafa ta sauka, kada juyin barci ya tashe ta.

Sai makunnin bango, wanda shi ya fi ba ni aiki. Ƙwan fitila da ake sarrafawa ta manhaja, irin Philips Hue da aka fara sayarwa a 2012, sai da wuta a jikinsa ko da a kashe yake. Baƙo ya danna makunni, shi ke nan, babu manhajar da za ta iya tashe shi. A tsarin Zigbee, wanda na'urorin gida ke aika wa juna saƙo ta iska da shi, abin ya fi haka, don na'urorin da ke jone da wuta su ke miƙa saƙo daga wannan zuwa wancan. Ka kashe ƙwai ɗaya a tsakiya, sensar can ƙarshen gida ta iya yin shiru. Shi ya sa na fi son in sa dabarar a cikin makunnin kansa. Da yawan irin waɗannan makunnai suna buƙatar wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, don haka a kashe wuta a buɗe akwatin bango a duba kafin a saya.

Ina kuma dagewa dokokin kunnawa da kashewa su zauna a cikin gida, a kan manhajar sarrafa na'urorin gida irin Home Assistant, yadda ko intanet ya ɗauke fitilar matakala za ta kama. Dokar da nake rubutawa a ƙarshe ita ce ta hannu: in wani ya taɓa makunni da kansa, sensar ɗakin ta janye na awa 2.