Shekarar da ke tsakanin difloma biyu

A ajinmu na sashen lantarki a poli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, kusan kowa Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, yake hange. Iyayen wasunmu a masaƙun can suka yi aiki, kuma mun taso muna jin cewa wanda ya fito daga poli, to masaƙa ko kamfanin haɗa motocin Peugeot ko matatar mai ko NEPA na jiran sa. Kafin mu kammala, abin ya sauya zani. Masaƙar KTL ta tsaya tun 2002, masaƙar UNTL ta rufe a 2007 ta sallami dubban ma'aikata. NEPA ta koma PHCN a 2005, aka kuma sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013.

Tsarin poli sananne ne: shekara biyu na ƙaramar difloma (ND), shekara ɗaya ta sanin makamar aiki da muke kira IT, sai biyu na babbar difloma (HND), sannan bautar ƙasa. Yau in na duba inda kowannenmu ya dosa, sai in ga wannan shekara ta tsakiya ta fi sakamakon jarrabawa tasiri a rayuwarmu. A lokacin kuwa hutu muka ɗauke ta. Ni wani ofis na samu ta hannun kawuna, na shekara ina kai fayil daga tebur zuwa tebur, aka buga mini hatimi na dawo.

Abokin zamana kuwa shagon naɗin kwayil ya shiga, inda ake sake naɗa wayar injin lantarki da ya ƙone, kusa da Panteka a Tudun Wada. Ran da na kai masa ziyara na tarar da shi zaune kan buhu, ya buɗe cikin motar injin markaɗe da ta ƙone, yana ƙirga zagayen wayar tagulla yana rubutawa a bayan kwali. Hannunsa duk baƙi. Maigidansa, dattijon da bai taɓa shiga aji ba, ya sunkuya ya shinshina injin, ya ce, "Wannan ba nauyi ne ya kashe shi ba, layi ɗaya ne ya ɗauke aka bar shi yana aiki." Ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, ku ma haka aka koya muku?" An koya mana, har lissafinsa na iya a takarda, amma da ni aka miƙa wa injin nan ba zan gane ba.

Bayan nan aka watse. Masu ƙoƙari da dama sun bar poli sun nemi gurbin shiga aji biyu a jami'ar Ahmadu Bello ko Bayero, kuma ban ga laifinsu ba. COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ba ta rajistar mai HND a matsayin cikakken injiniya sai ya ƙaro karatu, a aikin gwamnati kuma an daɗe ana tsayar da shi a matakin albashi na 14 alhali mai digiri na iya kaiwa 17. Wannan bambanci har gobe yana ci mini rai, domin na ga ya karya gwiwar mutanen da suka fi kowa iya aiki. Wasu sun faɗa banki suna farautar masu ajiya, wasu koyarwa, wasu N-Power, shirin gwamnati na samar wa matasa aiki da aka buɗe a 2016, wasu suna kula da janaretocin turakun layin waya. Ɗaya yana sayar da shadda a Kantin Kwari, kuma yana samu. Mata biyu ne a ajinmu, ɗaya tana aikin mita a kamfanin wuta, ɗaya tana koyar da lissafi.

Ni shekara uku na yi ina yawo da ambulan bayan bautar ƙasa. Ƙarshe wajen abokin nan na koma, lokacin ya buɗe nasa shagon. Na ce ya ɗauke ni yaro, ya ce, "Haba, kai da ka fi ni lissafi?" Ya koya mini hannu, ni kuma na riƙe masa lissafin nauyin wuta da girman waya. Da aka cire tallafin fetur a 2023, mutane suka koma sola, aikin fanel da inbata da famfon rijiyar burtsatse ya fi ƙarfin mu biyu, muka ƙara yara.

Yanzu ɗalibai na kawo mini takardar IT. Wasu suna cewa, "Oga, sa hannu kawai muke so." Ba na sawa. Wanda ya yarda ya zauna, ranar farko nakan ajiye masa ƙonannen inji da kwali da biro, in ce ya buɗe ya ƙirga.