Asabar a Damagaram: lissafin jarka

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Yara sun yi barci a tsakar gida cikin gidan sauro, ni kuwa idona biyu. Tun la'asar maganar da muka yi da Goggo take cina a rai.

Jiya muka taso daga Maradi bayan sallar asuba. Tafiyar wajen kilomita 235 ce, ta Tasawa da Takeita, kuma a watan Afrilu wanda ya bari rana ta ɗaga kafin ya kama hanya shi zai gaya wa jikinsa. Kafin sha ɗaya mun sauka. Tsaraba: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, sabulu, goron Kawu.

Yau ranar gaisuwa ce. Birni muka fara, don in Kawu ya ji an riga zuwa wani gida kafin nasa sai an shekara ana ba shi haƙuri. Mota ba ta shiga lungunan nan, a bakin fadar Sarki muka sauka muka taka. Daga nan kabu-kabu zuwa Zango gidan Yaya, fura mai sanyi, hira har azahar. Ƙawata ta Sabon Gari ta cika mana leda da alkaki. Mun sayi kilishi. Har nan ranar ta yi daɗi ƙwarai.

Da muka dawo na leƙa duron Goggo don in ɗebi ruwan alwala, sai na ga ya sauka ƙasa da rabi. Da safe cike yake har baki. Ni ce na yi wa yara wanka sau biyu, na wanke kayan da suka yi tafiya da su, na ɗauraye sau biyu kamar yadda nake yi a gida. A gefen duron autar Goggo tana kwance bisa tabarma, barci ya kwashe ta da rana tsaka, ƙudaje na bin fuskarta ba ta ma sani ba. Sai a lokacin na tuna ita ce ta kwana gaban famfo.

Ga yadda ruwa yake a gidan nan da bazara. Famfo ba ya kawowa da rana. Sai tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare, lokacin da unguwannin gangare suka ƙoshi, sannan ƙarfinsa yake isa ya hauro gidajen tudu, wani daren ma ba ya zuwa sam. Shi ya sa aka datse bututun aka maida bakin famfon ƙasa-ƙasa, har aka ɗan haƙa rami a gindinsa don jarka ta shiga. Da yana tsaye daidai ƙugu kamar na ko'ina, ko ɗigo ba za a gani ba. Kafin a kwanta ana ɗan murɗa shi kaɗan, a sa bokitin ƙarfe a ƙarƙashi, don ƙarar ɗigon ta tada mai gadi. Kaɗan fa. In aka buɗe shi duka, iska ce ke fara fitowa kafin ruwa, kuma iskar tana juya mita kamar ruwa ne, ƙarshen wata a biya kuɗin abin da ba a sha ba.

Bokitin farko jajir yake zuwa saboda tsatsar bututu, wannan na bayi ne da yayyafin tsakar gida. In ya washe sai randunan sha, a ɗaura farin ƙyalle a baki a tace. Bayan su duro, mai lita 200, wato jarka takwas ta lita 25. Jarkokin ajiya su ne na ƙarshe, in ruwan ya kai. Daren jiya kowace jarka sai da ta ci wajen minti goma, duro kaɗai ya cinye fiye da awa guda, kuma ba a barin wurin, don da zarar ya ɗauke shi ke nan sai gobe.

Jarkokin ma da nasu aikin. Tsofaffin jarkokin man girki ne, masu ruwan ɗorawa. Sabuwa sai an kaɗa ta da yashi da toka da ruwan sabulu sau uku, in ba haka ba maiƙo ya hau saman ruwan ya yi wari. Wadda ta taɓa ɗaukar man mota ba ta shiga gidan. Wadda aka bari a rana kwana uku sai gansakuka ta fara kore a cikinta, don haka duk a rumfa suke, kowace da murfinta. Randa kuwa bisa yashi mai damshi take zaune, moɗa ɗaya gare ta, yaro ba ya tsoma hannu.

Mutum tara ne a gidan, kuma Goggo ta raba jarka takwas ɗin nan a kanta tun kafin gari ya waye: biyu sha, ɗaya girki, biyu alwala da bayi, uku wanka, kowa rabin bokiti. Wanki ranarsa daban, ranar da aka kwana da rara. Ba ruwan da ke aiki sau ɗaya. Ƙasarin gero na awaki ne, ruwan wankin shinkafa na gindin zogale, na ɗauraya shi ke kwantar da ƙura. Ni kuma kafin ƙarfe tara na safe na kwashe kusan jarka uku ni kaɗai da yara biyu.

Na same ta tana tsinke zogale. Na ce, "Goggo, na ɓarnatar miki da ruwa ban sani ba. Ga wannan a kira garuwa." Na ajiye jaka ɗaya a gefen faifan.

Ko kallon kuɗin ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗauke abinki, ɗiyata. Baƙo ba ya sayen ruwa a gidana."

Na ce, "Ai ni ba baƙuwa ba ce, a ɗakin nan na girma."

Ta ɗago ta dube ni, ba faɗa ba fushi, ta ce, "Da ba baƙuwa ba ce, da ba ki ɗauraye sau biyu ba."

Ta ci gaba da tsinkarta. Ni ma na zauna na kama taya ta, don ban da abin cewa. Gaskiya ta faɗa. Hannun nan nawa ya san rabin bokiti tun ina ƴar shekara bakwai, shekarun da na yi inda famfo ke zuba da rana su suka mantar da shi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ta ga ina ɗiba tun safe, ta yi shiru, ta je ta rage wankan ƴaƴanta don kada in lura.

Garin nan bisa dutse yake zaune, duk wanda ya ga manyan duwatsun da ke tsakanin gidaje ya san rijiya ba ta da sauƙin faɗawa kan ruwa a nan. Daga nesa ake jawo shi, daga Gogo Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram, gari kuma kullum ƙara faɗi yake. Ko da Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata. Kawu yana faɗin wannan duk zuwa, yau ne kawai na ji shi a jikina.

Bayan magariba na fita ƙofar gida na tare garuwan unguwar. Kurarsa jarka goma take ɗauka, ya ce dala ashirin kowace jarka, don layin famfon ya yi tsawo yau. Na biya shi kura biyu, ɗaya gobe bayan mun tafi, ɗaya jibi, na ce ya juye a duro kawai, in an tambaye shi ya ce an riga an biya. Zuwa na gaba jarka huɗu za mu ciko daga Maradi mu sa a bayan mota, kayan datti kuma su koma da dattinsu.

Gobe Lahadi kasuwar Mirriya, Yaya na son mu leƙa kafin mu kama hanya. Sai dai mu fita da wuri.

Na ce wa auta ta kwanta a ɗaki, gadin yau nawa ne. Na sa waya ta tada ni ƙarfe ɗaya da rabi. Bokitin ƙarfe yana gindin famfo, har yanzu shiru.