Auna mutum bayan ƙasa ta rufe idonsa

Ɗalibin tarihi a Sakkwato in ya ɗauki mutum irin Malam Aminu Kano, jagoran jam'iyyar NEPU kuma daga baya na PRP, abin da zai fara yi shi ne ya kawar da maganganun zaman makoki gefe guda. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, kuma har waɗanda suka daɗe suna kiransa mai tayar da zaune tsaye sun shiga sahun masu yabo. Tarbiyyarmu ce a ambaci alherin mamaci, sai dai wannan addu'a ce, ba a kafa hujja da ita.

Hujja tana cikin abin da aka rubuta yana raye, musamman daga hannun waɗanda ya hana barci. A nemi takardun En'e da rahotannin Razdan a Gidan Adana Tarihi na Kaduna da Arewa House, a kuma leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu nan cikin gari, domin Malam ya yi aikin koyarwa a Maru kafin ya rungumi siyasa a 1950, lokacin Maru tana lardin Sakkwato. Kowace takarda a rubuta mata kwanan wata da wanda ya rubuta ta da wanda yake biyansa albashi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma a karanta ta da sanin cewa tana jingine da gwamnatin Arewa.

Hira da dattawa ita ce mai daɗi, ita ce kuma mai kayar da mutum. A samu aƙalla uku: ɗan Sawaba (wato ɗan NEPU), ɗan Salama (wato ɗan NPC, jam'iyyar Sardauna), da wanda bai yi siyasa ba. Kada a haɗa su a zaure ɗaya, don mai ƙarfin murya zai shanye labarin, sauran su bi shi da "haka aka yi". Tsoho yakan cakuɗa zamanin NEPU da na PRP alhali shekaru da yawa ne tsakaninsu, saboda haka a ɗaure masa tambaya da abin da ba ya mantuwa: "Baba, kafin zuwan Sarauniya a 1956 ne, ko bayan an kashe Sardauna a 1966?"

Babban kuskure shi ne auna irin wannan mutum da ƙuri'a. NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba, a 1979 kuma da Malam ya yi takarar shugaban ƙasa a PRP, Shehu Shagari ne ya ci. Wanda ya tsaya nan zai ce Malam ya yi asarar wahala. Amma a shekarar ce gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, abin da 'yan Sawaba suka sha ɗauri a kansa.

Masoya su ma suna da tasu zamiyar. Raba kotunan alkalai da ikon sarakuna buƙatar NEPU ce, amma sojoji ne suka zartar bayan 1966, ba daidai ba ne a rubuta shi duka a sunan mutum ɗaya. Masoyan kuma ba sa son a taɓo zamansa kwamishina a gwamnatin Gowon, ko rabewar PRP gida biyu, Santsi (ɓangaren su Rimi) da Taɓo (ɓangaren Malam), yana raye yana gani. Kafin a kunna rikoda a gaban tsohon ɗan PRP, a fara binciko wane ɓangare ya bi, domin har yau ɗan Santsi da ɗan Taɓo ba Malam ɗaya suke tunawa ba.