Tambayar da Kawu ya yi mini a Dawanau

Ni da wani abokina da muka yi makaranta tare mun taɓa ƙulla niyyar buɗe kasuwar hatsi a cikin waya. Shi ya iya haɗa manhaja, ni kuma a gidan 'yan hatsi na tashi, don haka muka ga ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Manomin Saminaka zai sa masararsa, mai kamfanin abincin kaji a Ibadan zai gani ya saya, mu kuma mu ci la'ada kaɗan a tsakani. Har suna mun raɗa mata.

Kafin mu kashe ko sisi sai na ce bari in je Dawanau in gaya wa kawuna, wanda ya fi shekara talatin yana dillancin masara da dawa. Na same shi a bakin sito yana sallamar 'yan dako. Na zayyana masa komai, har da nuna masa hotuna a waya. Bai ko kalli wayar ba. Ya ce, "Ɗana, na ji. To in mai saye ya ce ya saya, gobe farashi ya faɗi ya kashe wayarsa, wa zai biya manomin?" Na ce ai za mu rufe asusunsa. Ya yi dariya har sai da ya gyara hularsa. "Ka rufe asusunsa, manomi ya ci me?"

Na bar wajen raina a ɓace, ina cewa tsofaffi ba sa son sabon abu. Mako biyu bayan haka muka biya kuɗi muka zauna da wata lauya da ta san harkar kasuwar hannun jari, sai ga shi tambayar Kawu ce take maimaita mana, illa ita tata ta zo a takardu masu kauri.

Abin da ta fara faɗa mana shi ne, ranar da ka haɗa masu saye da masu sayarwa a dandali ɗaya, ana ciniki da takarda ko lamba maimakon buhun da ake gani da ido, kuma kuɗin mutane na bi ta hannunka, to ka fita daga sahun dillalai ka zama kasuwa, kuma a Najeriya ba a buɗe irin wannan kasuwa sai da rajistar hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari. Sai ka zama kamfani mai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka nuna jarin da hukumar ta gindaya an biya shi, ka yi inshorar da za ta rufe ɓarna idan ma'aikacinka ya ci amana. Daraktoci da manyan ma'aikata sai an bincike su, an tabbatar ba su da tabon zamba kuma sun san aikin. Sannan ka rubuta dokokin kasuwarka ka kai a amince: wa zai zama mamba, yaya ake ciniki, in rikici ya tashi wa zai raba gardama. A watan Maris na 2025 an sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta maye gurbin ta 2007, kuma ta yi tanadi a fili a kan kasuwannin kayan masarufi da rasit ɗin sito.

Duk wannan ban yi mamakinsa ba, aikin ofis ne. Maganar sito ce ta tsaya mini a rai.

A irin wannan kasuwa ba buhu ake saya ba, rasit ake saya. Takarda ce da ke cewa akwai tan kaza na masara mai daraja kaza a sito kaza. Darajar takardar gaba ɗaya ta rataya ne a kan gaskiyar mai riƙe da mabuɗi, da sikelinsa, da wanda ya auna danshi ya duba tsakuwa da ƙwari. Shi ya sa hukuma ba ta tsaya a kan kasuwa kaɗai ba, har sito da kamfanin da ke gadin kayan jingina sai sun shiga ƙarƙashin ƙa'ida. Da farko na ɗauka neman wahalar da mutane ne, sai da na karanta abin da ya faru a Indiya a 2013. Wata kasuwa mai suna National Spot Exchange ta kasa biyan masu zuba jari kimanin rupi biliyan 56, da aka je duba sito-siton da aka ce cike suke da shinkafa da sukari da sauransu, da yawansu wayam. Shekara biyu bayan haka gwamnati ta narkar da hukumar da ke kula da kasuwannin kayan masarufi cikin hukumar kasuwar hannun jari. Na Amurka ma ya fi ban dariya. A 1963 wani ɗan kasuwar man girki a New Jersey ya ci bashin miliyoyin daloli da rasit ɗin tankunan man waken suya, alhali yawancin abin da ke ciki ruwa ne, mai yana yawo a sama. In mai duba ya zura sanda sai ya ga mai. Duk wanda ya taɓa sayen buhun wake ya tarar da mai kyau a baki, mai huji a gindi, ya san wannan algus, girman tankin ne kawai ya bambanta.

Mu ma irin wannan sa ido a kan kaya ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Zamanin dalar gyada a Kano, hukumar kasuwanci ba ta karɓar gyada sai daga wakilai masu lasisi, kuma akwai jami'an da ke duba inganci kafin a ɗora wa jirgin ƙasa. An rushe waɗannan hukumomi a 1986, tare da zaluncinsu na danne farashin manomi, wanda ba na kewarsa ko kaɗan. Sai dai tsarin tantance inganci ma ya raunana tun daga nan.

Sai kuma ainihin amsar tambayar Kawu, wato gidan da ke warware ciniki. Ni gidan lamuni nake kiransa, don aikinsa ke nan. Da zarar an ƙulla ciniki sai ya shiga tsakani, ya zama shi ne mai saye a wajen mai sayarwa, shi ne kuma mai sayarwa a wajen mai saye. Kowane ɓangare sai ya ajiye kafin alƙalami, kuma a kasuwar cinikin gaba, inda ake tsayar da farashi yau a miƙa kaya nan gaba, ana sake lissafi kullum: in farashi ya juya maka baya, ka ƙaro kuɗi ko a rufe cinikinka. In mamba ya gaza, akwai jerin aljifan da za a bi: kafin alƙalaminsa, sai kasonsa a asusun ko-ta-kwana, sai wani yanki na jarin gidan kansa, sannan a taɓa kason sauran mambobi. Saboda nauyin da yake ɗauka, lasisinsa daban ne da na kasuwa kuma sharuɗɗansa sun fi tsauri. A Najeriya NG Clearing da FMDQ Clear ne aka sani da irin wannan aiki.

Ko da hakan, ba a rasa ranar da tukunya ke ƙonewa. A watan Satumba na 2018 wani hamshaƙin ɗan kasuwa ɗan Norway ya yi caca a kan bambancin farashin lantarki tsakanin ƙasashen arewacin Turai da Jamus, ta ƙi masa. Bayan an cinye ajiyarsa aka bar giɓin Yuro miliyan 114, kuma miliyan 107 daga ciki asusun sauran mambobi ne ya biya. Kasuwa ba ta rushe ba, amma mutanen da ba su ji ba su gani ba ne suka yi ramuwa.

Da na bayyana wa Kawu wannan sai ya ce, "Wannan ai aikin maigida ne." Kuma haka ne. A fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi, baƙo yana sauka ne a wajen maigida, shi ke haɗa ciniki, shi ke tsaya wa bashi. In mai saye ya gudu, maigida zai biya daga aljihunsa, don in bai biya ba shekara mai zuwa babu mai sauka gidansa. Malamin unguwarmu kuma ya tuna mini cewa a cinikin salam, inda ake biya yanzu a karɓi hatsi daga baya, shari'a ta ce dole a san ma'auni, a san nauyi, a san wa'adi.

Ba zan ce na gamsu da komai ba. Sharuɗɗan sun yi wa ƙaramin mutum nisa, kuma lasisi shi kaɗai ba ya tara jama'a. Kasuwar gwamnati ta Abuja an kafa ta a 1998 a matsayin kasuwar hannun jari, aka mayar da ita ta kayan masarufi a 2001, yau ana kiranta NCX, amma ka tambayi mutum goma a Dawanau ka ga nawa suka taɓa ciniki a cikinta. Habasha ta buɗe tata a 2008 ta yi ƙarfi da wuri, sai dai a can doka ce ta tilasta a bi da kofi ta cikinta, ba daɗin baki ba. A nan kamfanoni masu zaman kansu irin su AFEX ne suka shiga ƙauyuka da sito da sikeli.

Mun ajiye maganar buɗe kasuwa. Abokina ya mayar da manhajar littafin lissafi na masu sito, mutum huɗu ke amfani da ita, Kawu ba ya ciki. Ni kuma da kasona na kuɗin da muka tara na sayi na'urar auna danshin hatsi na kai masa. Ya karɓa ya yi godiya. Har yau in tirela ta iso, sai ya soka buhu ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya ciza, ya faɗi abin da ya ji, sannan ya ce wa yaronsa ya ɗauko na'urar a ga ko ta yi daidai.