Commodore 64 da talabijin ɗin zamani: inda aka kwana bayan mako biyar

'Yan'uwa masu fama da tsofaffin kwamfutoci, daren jiya ne karon farko da na ga rubutun Commodore 64 ɗina tar a talabijin ɗin zamani, babu rawa babu hazo. Shuɗi mai haske a kan shuɗi mai duhu, ga READY a ƙasa, ɗan murabba'in nan yana ta ƙiftawa. Mako biyar na kwashe kafin in kai nan, kusan rabinsu kuma a banza suka tafi, shi ya sa na ce bari in zayyana muku tun ban manta ba.

Tawa ƙirar Turai ce, mai tsarin siginar talabijin na PAL, kuma soket ɗin hotonta mai rami takwas ne. Na farko-farkon da suka fito a 1982 rami biyar gare su, saboda haka kowa ya leƙa bayan tasa kafin ya sayi komai. Tsohuwar adaftar wutar kuwa gefe na ajiye ta na samo sabuwa, don in irinsu suka tsufa bolt 5 ɗin yakan haura ya ƙona ƙwaƙwalwar injin.

Da wayar eriya na fara, tasha ta 36. Talabijin ya yi ta lalube yana wuce ta, sai da na saita da hannu sannan hoto ya zo, cike da yayyafi. Amfaninta ɗaya, na tabbatar injin yana da rai.

Mako na biyu na ce ni zan haɗa wayata da kaina. Filogin DIN mai ƙafa takwas ashe iri biyu ne: akwai mai digiri 270, akwai mai digiri 262 wanda ƙafafunsa suka yi siffar kofaton doki. Na biyun ne namu, ni kuwa na farkon na saya, ƙafa ta 7 da ta 8 suka ƙi shiga. Da yake ba na buƙatarsu, filaya na sa na cire su. Tsarin ƙafafun shi ne ta 1 haske, ta 2 wayar ƙasa, ta 3 sauti, ta 4 haɗaɗɗen hoto, ta 6 launi. Na liƙa dalma tsaf, na kunna: allo baƙi ƙirin, lasifika sai gurnani take kamar tsohon janareto. Na fi awa ina zargin cif ɗin hoto, VIC-II, ya mutu. Ashe zanen da na bi ta fuskar soket aka yi shi, ni kuma ta bayan filogi nake kallo, dama ta koma hagu. Wayar sautina ta sauka a ƙafa ta 1, wato hoton ne nake saurare da kunne. Tun ranar ba na kunna komai sai na bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya da mita.

Talabijin ɗina ba shi da ramin rawayar waya ta haɗaɗɗen hoto, ban da na eriya HDMI ne kawai, shi ya sa tun farko na sayo ƙaramin akwatin nan mai arha da ke juya sigina. Da na gyara wayar hoto ya fito, har na fara murna. Da na ɗora wasa sai murna ta koma ciki: duk abin da ya motsa gefensa ya yi haƙora kamar matsefi, in na danna sandar wasa sai ɗan mutumin ya yi jinkiri kafin ya yi tsalle. Na sake waya sau biyu, na zargi dalmata, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abin da ya ɗauke ni mako biyu kafin in gane shi ne wannan. Gidan talabijin na PAL layi 625 yake aikowa, amma kashi biyu yake raba su: layukan mara su zo, sannan na cika su zo su cike gurabe, sau 50 a daƙiƙa. Commodore 64 ba ta bin wannan ƙa'ida. Layi 312 take zubawa, ta koma ta sake zuba wasu 312 a daidai wurin da na farko suka sauka, kowane zubi cikakken hoto ne mai zaman kansa. Tsohon talabijin mai ƙusumbi bai damu ba, abin da aka ba shi yake zanawa nan take. Shi kuwa akwatin nan ɗauka yake rabi da rabi ne, sai ya riƙe hoto ɗaya ya jira na gaba ya saƙa su tare, alhali lokacinsu daban. Daga nan haƙoran suka fito. Jiran kuma shi ne jinkirin, don kowane hoto guda da ya riƙe, kashi ɗaya ne cikin hamsin na daƙiƙa. Abin da ya fi ba ni dariya, akwai wasan da ɗan mutumin ke ƙyaftawa in an buge shi. A wannan akwati sai ya zama wani dishi-dishi kamar fatalwa. Araha dai ba ta ado.

Maganin shi ne na'urar da ke ninka layi, ba mai saƙa hotuna ba. Na samo RetroTINK 2X. Aikinta ta karɓi layi ɗaya ta fitar da shi sau biyu nan take, layi wajen 15,600 a daƙiƙa su koma sama da 31,000, wanda allon zamani ke ganewa. Na kuma bar haɗaɗɗen hoto na koma S-Video, haske a wayarsa, launi a tasa. Nan harufa suka fito da kaifinsu. Sai dai wani zane mai kama da allon dara ya bayyana a cikin launuka, saboda siginar launin injin ta fi ƙarfin abin da S-Video ke so. Rezista guda mai om 330 na jera a wayar ƙafa ta 6, ya ɓace.

Siraran layukan tsaye da ake gani a shuɗin allon suna nan. Daga cikin injin suke tasowa, kuma ni dai ba zan taɓa cikinsa saboda su ba. In ka ja baya taku biyu ba ka ganinsu. A talabijin, ku mayar da faɗin hoto 4:3, ku kunna yanayin wasa. Allon kwamfutata na tebur kuwa ƙememe ya ƙi, don ba ya karɓar sau 50 a daƙiƙa.

Yanzu saura ɗaya kwamfutar, Amiga 500, ta 1987. Ita RGB take fitarwa, wato ja da kore da shuɗi kowane a wayarsa, ta soket mai ƙafa 23, filogin da samunsa ke da wuya har wasu ke yanke mai ƙafa 25 su rage shi. Na'urar ninka layin da nake da ita ba ta karɓar RGB, sai dai in nemi OSSC, wata na'urar ninka layi da ke karɓarsa. Siginar daidaita hoton Amiga kuma ta kai bolt 5, ta fi ƙarfin SCART, ramin da RGB ke shiga ta cikinsa, dole a tare ta da rezista. Filogin mai ƙafa 25 yana kan tebur, ga zarto a gefensa, na riga na zana ƙafafun a takarda ta fuska biyu, gaba da baya.