Darussa Daga Ɗakin Wankin Hoto: Wane Fim, Wane Magani?

Masu koyon hoton baƙi-da-fari sukan ɓata lokaci suna gardamar wane fim ya fi, Tri-X ko HP5 Plus, alhali abin da ke lalata musu aiki a Zariya zafin ruwa ne. Kamfanonin fim suna lissafin lokacin wanki a kan digiri 20, ruwan tankinmu kuwa a watan Afrilu yakan haura 30.

Duk digiri ɗaya da aka ƙara, sai a rage kusan kashi 10 cikin ɗari na lokacin. HP5 Plus a cikin maganin wanki ID-11 zalla minti bakwai da rabi yake so a digiri 20, da an kai 24 ya dawo wajen minti biyar. Ƙasa da haka kuma maganin ba ya cin fim daidai, sai sararin samaniya ya fito da dabbare-dabbare. Shi ya sa sirki ya fi mana: kashi ɗaya magani, kashi ɗaya ruwa, lokacin ya koma minti 13, ko kusan 9 a digiri 24. Ruwan randa yana taimakawa, amma a sa ma'auni, kada a dogara da yatsa. A kuma tabbata fiksa (maganin da ke zaunar da hoto bayan wanki) da ruwan ɗauraya suna kusa da zafin maganin, domin in aka tsoma fim daga sanyi zuwa ɗumi fatarsa takan yamutse kamar busasshen tabki, kuma wannan ba ya gyaruwa.

D-76 na Kodak, wanda ya fito a 1927, da ID-11 na Ilford, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Suna lausasa ƙwayar hoto, wato ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto, suna fito da abin da ke cikin inuwa. Matsalarsu gari ne da ake kwaɓawa da yawa, a cikakkiyar kwalba ya yi wata shida, a rabin kwalba wata ɗaya zuwa biyu, ga mai wanke fim ɗaya a wata hasara ce. Rodinal, tun na 1891, ruwa ne mai kauri da ke shekaru bai mutu ba. Mililita 6 a cikin ruwa 300 ya isa fim ɗaya. Yana fito da kaifi, sai dai ba ya rufa wa ƙwaya asiri, a kan fim mai saurin 400, irin su Tri-X da HP5, za ka ga fuska kamar an watsa mata rairayi. Ga katangar ƙasa a cikin birni ko zanen soro hakan kyau yake ƙarawa, ga hoton amarya kuwa a haɗa shi da FP4 Plus mai saurin 125.

Ranarmu ma tana da nata hukuncin. A hawan Sallah, ga farar babbar riga cikin rana, ga fuska a inuwar rawani. Tri-X, wanda ke kasuwa tun 1954, baƙinsa ya fi duhu, HP5 ya fi sassauci, amma duka biyun in aka bi lokacin takarda rigar takan toshe, aikin allura ya ɓace. A ɗauki fim ɗin a kan saurin 200 maimakon 400, a rage wanki da kusan kashi 20. Fim ɗin T-Max ƙwayarsa ta fi laushi, amma ba ya yafe kuskure, kuma yana cin fiksa: in ya fito da ja-ja, a mayar da shi ciki.

In za a gwada, abu ɗaya ake canzawa. A ɗauki fim guda a wuri ɗaya, haske ɗaya, a yanka shi biyu a cikin duhu, kowane rabi da maganinsa, girgizar daƙiƙa goma kowane minti, a rubuta komai. Da hunturu kuma a yayyafa ruwa a banɗaki kafin a rataye fim, a rufe ƙofa, don ƙurar da ta manne a jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan.